Zane-zanen Ban Tsoro na Kwanan Daji a Lokacin Kaka: Asalinsu da Dalilin Tasirinsu

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai koyon zane. Duk watan Oktoba nakan ga masu zane na Amurka da Kanada suna fitar da hotunan tanti a tsakiyar daji da dare, ga wuta tana ci, ga ganyaye ja da rawaya a ƙasa, ga kuma wasu idanu suna leƙe daga cikin duhu. Ina so a bayyana mini asalin wannan salo, da dalilin da ya sa wasu daga cikin zane-zanen suke tayar mini da tsigar jiki, wasu kuma ko a jikina, alhali kayan da ke cikinsu duk iri ɗaya ne.

Amsa: Ƙanena, sashe na biyu na tambayarka ya fi na farko nauyi, kuma shi ne zai fi amfanar hannunka. Na daɗe ina koyar da zane, na kuma yi zama a arewacin jihar New York, inda na sha kwana a dazuzzukan Adirondack a daidai wannan lokaci na shekara, saboda haka zan amsa maka da abin da na karanta da abin da idona ya gani. Abin da na fahimta shi ne, zanen da yake tayar da tsigar jiki shi ne wanda mai shi ya san daidai inda hasken wutar zango yake ƙarewa, ya kuma bar abin tsoron a bakin wannan iyaka. Wanda ba ya taɓa zuciya kuwa, mai shi ya kwaso kabewa da ƙoƙon kai da jemage ya jera su a fili, kamar mai tallan kayan koli. Amma bari mu fara da asalin, domin abubuwa da dama ne suka haɗu suka haifi salon.

Kalmar kaka da muke fassara wannan lokaci da ita ta dace ta fuskar girbi, amma abin da ido yake gani a can daban ne da namu. A arewa maso gabashin Amurka da kudancin Kanada, daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, yini yana raguwa, dare yana sanyi, sai itatuwa masu zubar da ganye su daina ƙera sinadarin kulorofil wanda yake ba ganye launin kore. Da koren ya gushe, rawaya da ruwan goro da tun asali suke ɓoye a cikin ganyen sai su bayyana, yayin da ja da shunayya kuma wasu itatuwa, musamman mapul, suke ƙera su sababbi a daidai lokacin daga sukarin da ya taru a ganye. Tsananin wannan launi ya kai ga cewa lokacin da Ba'amurke mai zane Jasper Cropsey ya zana yanayin kaka na bakin kogin Hudson yana zaune a birnin Landan a shekarar 1860, a kan wani ƙaton allo mai faɗin kusan mita 3, mutanen Ingila sun yi shakkar cewa akwai itatuwa masu irin wannan ja a duniya, har sai da ya baje ainihin ganyayen Amurka kusa da zanen domin a gwada. Zanen yana babban gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Washington a yau. Sai dai wannan ado ba ya daɗewa. Kafin ƙarshen Oktoba iska da ruwan sama sun kakkaɓe yawancin ganyen a yankunan arewa, dajin da ya yi kamar gobara makonni biyu da suka wuce ya koma tsirara, rassa kamar yatsun tsoho, ƙasa kuma ta cika da busasshen ganye wanda ko ɓera ya taka sai ka ji kamar takun mutum. Wannan saurin sauyi daga ƙawa zuwa mutuwa shi ne ginshiƙin salon gaba ɗaya.

A daidai wannan gaɓa ce bikin Halowin yake faɗowa, ranar 31 ga Oktoba, wato jajibirin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci wadda ake yi ranar 1 ga Nuwamba. Ana danganta wasu al'adunsa da tsohon bikin Samhain na mutanen Ayaland da Sikotland, wanda yake nuna ƙarshen girbi da shigowar hunturu. Mutanen Ayaland da suka yi ƙaura zuwa Amurka, musamman bayan babbar yunwar da ta fara a 1845, sun tafi da al'adar fafe wata saiwa mai tauri da suke kira tanif, a sassaƙa mata fuska a sa wuta a ciki. A Amurka suka tarar da kabewa, wadda ta fi girma ta kuma fi sauƙin fafewa, sai ta maye gurbin saiwar. A farkon ƙarni na 20 katunan gaisuwa na Halowin suka yi kasuwa, da yawansu a Jamus ake buga su, kuma masu zane irin su Ellen Clapsaddle suka taimaka wajen tabbatar da kayan da kake gani har yau: baƙar kyanwa, mujiya, mayya a kan tsintsiya, cikakken wata, da launuka biyu, ruwan goro da baƙi. Ba zan tsaya a kan hukuncin bikin ko na zana mai rai ba, wannan fagen malaman addini ne, ni sana'ar nake bayani. Zan dai ce maka da yawa daga cikin mafi kyawun zane-zanen wannan salo da na gani babu wani mai rai a cikinsu ko kaɗan.

Shi kuma kwanan daji don nishaɗi sabon abu ne a tarihinsu. A 1869 wani limamin coci na Boston, William Murray, ya wallafa littafi a kan yadda mazaunin birni zai je dazuzzukan Adirondack ya yi zango, sai jama'a suka yi tururuwa zuwa can a wannan bazarar, da yawansu ba su san komai game da daji ba, har jaridu suka riƙa yi musu ba'a. An kafa ƙungiyar 'yan sikawut ta Amurka a 1910, aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa a 1916, sannan mota ta yaɗu, kwanan tanti ya zama abin da iyali masu matsakaicin hali suke yi. Tare da shi ne al'adar ba da labarin fatalwa a bakin wuta ta kafu, har ta zama duk yaron da ya je sansanin yara yana da labarin da ya hana shi barci. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma da dare ake tatsuniya, kuma Dodo ba ya da kwarjini da rana tsaka. Wata masaniyar halayyar al'umma, Polly Wiessner, ta wallafa bincike a 2014 a kan hirar mutanen Ju/'hoansi na yankin Kalahari, inda ta gano cewa labarai su ne kashi 81 cikin 100 na hirar da ake yi a bakin wuta da dare, alhali da rana kashi 6 ne kawai.

Ta fuskar zane, salon yana da kakanni da ya kamata ka nemi hotunan ayyukansu ka zuba musu ido. Caspar David Friedrich na Jamus ya zana kufan wani coci a tsakiyar itatuwan oak marasa ganye tsakanin 1809 da 1810, da wasu masu ibada ɗauke da akwatin gawa waɗanda sai ka lura sosai za ka gan su. Zanen yana Balin, kuma duk mai zana busasshen reshe domin ya ba da tsoro yana cin gadonsa, ko ya sani ko bai sani ba. A 1858 John Quidor ya zana mahayin doki marar kai yana bin wani malamin makaranta a guje cikin daji, yana shirin jifansa da kabewa, daga labarin da Washington Irving ya wallafa a 1820 game da ƙauyen Sleepy Hollow na bakin kogin Hudson. A nan ne daji da dare da kabewa da kaka suka haɗu a allo guda. Amma wanda nake fara nuna wa ɗalibaina shi ne na Winslow Homer na 1880 mai suna "Camp Fire", wato wutar zango, wanda ya samo daga tafiyar da ya yi zuwa Keene Valley a Adirondack, yana kuma gidan adana kayan fasaha na Metropolitan a birnin New York. Mutum biyu ne masunta a gefen wata 'yar rumfa, kowa ya yi shiru da tunaninsa, tartsatsi yana tashi yana barin zare-zaren haske a iska, bayansu kuma duhu ne wanda ido ba ya ratsawa. Homer bai yi nufin tsoratar da kowa ba, kuma babu dodo a ciki, amma idan ka daɗe kana kallo za ka tsinci idonka yana barin wutar yana komawa ga duhun da ke bayan mutanen, yana bincike. Frederic Remington, wanda ya rasu a 1909, ya shafe shekarunsa na ƙarshe yana zana dare, kuma a cikinsu akwai na wani kyarkeci tsaye a bakin ruwa cikin farin wata, duk allon kore-kore ne mai duhu in ban da taurari da ɗigo biyu masu haske a fuskar dabbar. Sai Charles Burchfield na Ohio, wanda a 1918 ya zana iskar dare tana kaɗawa a kan gidaje, gizagizai suna da ramuka kamar idanu, yana ƙoƙarin kama tsoron da yaro yake ji yana kwance yana sauraron iska.

Abin da kake gani a Instagram a yau jikan waɗannan ne, amma da wasu ƙare-ƙare. A 2009 wani mai zane, Jake Parker, ya fara abin da ake kira Inktober, wato zane ɗaya da tawada kowace rana a kwanaki 31 na Oktoba, kuma dubban masu zane suka ɗauka, shi ya sa watan yake cika da baƙi da fari. Da yawa kuma suna kwaikwayon fastocin gandayen daji da gwamnatin Amurka ta sa aka buga tsakanin 1938 da 1941, masu launuka kaɗan shimfiɗaɗɗu da manyan haruffa, sai su saka wata halitta ta almara a inda ya kamata a ga dutse ko barewa. Halittun da suka fi yawa su ne Bigfoot, wani ƙaton mai gashi da sunansa ya bazu a 1958 bayan rahoton wasu manyan sawaye a Bluff Creek ta jihar Kalifoniya, wanda kuma kusan kullum ake zana shi yana tafiya ya waiwayo, bisa wani ɗan hoton bidiyo da aka ɗauka a wurin a Oktoban 1967. Da Mothman mai fukafukai da jajayen idanu, wanda mutanen garin Point Pleasant na West Virginia suka fara cewa sun gani a Nuwamban 1966, garin da a yau yake da mutum-mutuminsa da bikinsa na shekara-shekara. Akwai kuma wendigo, wanda nake ba ka shawara ka yi hattara da shi. Wannan ba almarar kasuwa ba ce, yana cikin imanin ƙabilun asali na Arewacin Amurka irin su Ojibwe da Cree, yana da alaƙa da yunwar hunturu da haɗama da cin naman mutum, kuma kan barewa mai ƙahoni da ake ɗora masa a zane-zanen zamani ƙari ne na baya-bayan nan da ba ya cikin labaran masu abin. Da yawa daga cikinsu ba sa jin daɗin ganinsa a jikin riga ko kofin shayi.

Yanzu ga dalilin da ya sa wani zanen yake kamawa wani kuma ba ya kamawa. Ka fara da yadda hasken wuta yake raguwa. Idan abu yana nesa da wuta da mita 1, wani kuma yana mita 2, na biyun ba rabin hasken yake samu ba, kashi ɗaya cikin huɗu yake samu. Wanda yake mita 4 kuwa kashi ɗaya cikin goma sha shida. Ma'ana hasken yana faɗuwa da sauri ƙwarai, har ya zama zangon yana cikin wani ɗan da'ira, duk abin da ke waje da ita kuma ya ɓace. Ɗalibai da yawa sukan haskaka itatuwa goma a jere da ƙarfi iri ɗaya, kamar fitilar filin ƙwallo ce aka kunna, kuma daga nan tsoro ya tafi, domin ido ya ga komai ya natsu. Ga kuma wani abu da ya fi wannan muhimmanci. Idon mutum yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma duba ɗaya ga harshen wuta yana rushe wannan sabo. Saboda haka wanda yake zaune a bakin wuta makaho ne game da dajin, alhali duk abin da ke tsaye a cikin dajin yana ganinsa sarai. Dare rigar mugu, in ji Hausawa, to wutar zango ita ce take tuɓe wa mai zango tasa rigar ta bar wa wanin sa. Duk wanda ya taɓa kwana a daji jikinsa ya san wannan, kuma zanen da ya tuna masa da shi ya gama aikinsa.

Daga nan ne wata dabara ta fito wadda na fi so a cikin salon, wato zaɓen inda mai kallo yake tsaye. Idan ka zana zangon daga bakin wuta, mai kallo ɗaya ne daga cikin masu zango. Idan kuwa ka ja baya ka zana shi daga cikin itatuwa, da baƙaƙen kututture a gaba suna tare wani sashe, tantin ya zama ɗan ƙaramin haske can nesa, to ka mayar da mai kallo shi ne abin da ke leƙen. Ba ka zana dodo ba, amma ka tsayar da mai kallo a sawunsa, kuma yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin ya farga da hakan. Wannan jinkirin fargar shi ne tsigar jikin da kake tambaya a kai. Haka nan ƙirga yana aiki: kujeru uku a bakin wuta amma inuwa huɗu a jikin tanti, ko zango da wuta tana ci, shayi yana tururi, ƙofar tanti a buɗe, babu kowa.

Batun launi kuma yana da ƙa'idar da ake yawan karyawa. Wani masani ɗan ƙasar Cek, Jan Purkinje, ya lura a farkon ƙarni na 19 cewa jajayen furanni da suke ƙyalli da rana sukan koma kusan baƙi da asuba kafin gari ya waye, yayin da kore da shuɗi suke riƙe haskensu. Dalili shi ne ƙwayoyin ido masu aiki a duhu kusan ba sa jin ja. Ma'anar wannan ga mai zana kaka babba ce, domin jajayen ganyen mapul da suka sa ka sha'awar wurin da rana, da dare babu su, sai waɗanda suke cikin da'irar wuta. Idan na ga zanen dare da jan ganye yana walƙiya har ƙarshen daji, na san mai shi daga hoton rana ya kwafa ya zuba masa baƙi. Hasken wata kuma, duk da cewa hasken rana ne da ya dawo, ido yana ganinsa shuɗi-shuɗi ko kore-kore, shi ya sa Remington ya yi darensa da waɗannan launuka. To ruwan goro na wuta da shuɗin dare kishiyoyi ne, kuma tun 1839 Michel Chevreul na Faransa, wanda yake kula da rini a masaƙar Gobelins ta Paris, ya bayyana cewa kishiyoyin launuka suna ƙara wa juna ƙarfi idan suka yi maƙwabtaka. Saboda haka ɗan ruwan goro kaɗan a cikin shuɗi mai yawa ya fi zafi a ido fiye da allon da aka cika da wuta. Ka kuma guji baƙi tsantsa daga kwalba. Duhun da aka haɗa da shuɗi mai zurfi da ƙasa-ƙasa yana da ciki, ido yana jin zai iya shiga. Baƙi tsantsa kuwa bango ne.

Fuska ma haka take. Mun saba ganin mutane da haske daga sama, rana ko fitilar ɗaki, inuwa tana ƙarƙashin gira da hanci da haɓa. Wutar zango daga ƙasa take haskawa, sai inuwar ta juye, ƙarƙashin haɓa ya yi haske, goshi ya yi duhu, fuskar abokinka ta zama baƙuwa. Abin da yara suke yi da tocila a ƙarƙashin haɓa ke nan. Inuwoyi kuma duk suna gudu daga wutar zuwa waje kamar haƙarƙarin laima, suna tsawo suna hawa jikin itatuwa, kuma mai zane da ya bar inuwa ɗaya tana tahowa ta wata fuska daban da gangan ya faɗi cewa akwai wani haske, ko wani abu, da ba a gani.

Idanun da kake gani a duhu suna da tushe na gaskiya. Barewa da kyarkeci da kyanwa da dabbobin dare da yawa suna da wani shimfiɗi a bayan ido mai mayar da haske kamar madubi, wanda mutum ba shi da shi. Hasken yana komawa ne ta hanyar da ya zo, shi ya sa kake ganin ƙyallin sosai idan tocila tana hannunka ko a goshinka. Masu zane sun yi ta amfani da wannan har ya kusa gundura, to amma har yanzu yana aiki idan an yi hankali da abu biyu, tsayi da tazara. Ɗigo biyu a tsayin gwiwa dabba ce, mai kallo ya san ta. Ɗigo biyu a tsayin da ya wuce rufin tanti sau biyu, da tazara mai faɗi tsakaninsu, sun bar wa mai kallo aikin ƙera sauran jikin, kuma abin da zai ƙera ya fi duk abin da buroshinka zai iya. Ƙwaƙwalwar mutum tana da saurin ganin fuska a inda babu, ramuka biyu da tsaga ɗaya sun ishe ta. Na taɓa shafe kusan rabin sa'a a wani dare na Oktoba ina kallon wani farin abu tsaye a bayan tantina, dogo siriri mai baƙaƙen idanu, ban iya motsi ba, da gari ya waye na tarar kututturen itacen bac ne, wanda ɓawonsa fari ne da baƙaƙen tabo inda rassa suka faɗi. Da na koma gida na zana shi da hannaye da baki, zanen ya fito abin dariya. Na sake zana itacen kamar yadda yake, ban ƙara komai ba illa na rage haske, kuma wannan ne mutane suka riƙa tsayawa a gabansa suna tambayata ko wani ne a tsaye.

Dajin kaka yana da wasu kyaututtuka da wanda bai je ba ba zai san su ba. Da asuba tururi yakan tashi daga tafki, saboda ruwan yana riƙe da ɗumin bazara iska kuma ta yi sanyi, ya riƙa tsayawa ginshiƙi-ginshiƙi yana tafiya a hankali a kan ruwa kamar mutane cikin fararen kaya. Akwai wata laimar kwaɗi mai launin ruwan goro da take fitowa cunkus a gindin ruɓaɓɓun itatuwa a gabashin Amurka daga ƙarshen bazara zuwa kaka, wadda suka sa wa sunan fitilar kabewar Halowin, tana da guba, kuma ƙarƙashinta yana fitar da wani raunannen haske kore wanda ba a gani sai ido ya saba da duhu. A tsaunukan Rocky na yammacin Amurka da Kanada kuma, a Satumba da Oktoba, mazan wata babbar barewa da ake kira elk suna wani kuka mai kama da busar sarewa da ta ƙare da gurnani, wanda baƙo ba zai taɓa cewa daga dabba mai cin ciyawa ya fito ba. Sauti ba ya zanuwa, amma sakamakonsa yana zanuwa: mutum uku suna kallon wuta, na huɗu ya juya kai yana kallon bayan allon, ko kare ya miƙe ya ɗaga kunnuwa.

Wani abu da ake mantawa shi ne, salon ba tsoro tsantsa ba ne. Rabin daɗinsa yana cikin ɗumi: tantin da fitila take ciki yana haske kamar kabewar da aka fafe, bargo mai ratsi-ratsi, butar shayi a kan garwashi. Idan babu wannan, babu abin da mai kallo zai ji tsoron a rasa. Masu zana jini da yagaggen tanti sun tsallake zuwa wani fage daban, kuma a ganina sun yi asara, domin sun ba da ƙarshen labari, alhali ƙarfin hoto ɗaya yana cikin daƙiƙar da ta gabaci faruwar abu.

Game da aiki a wurin, kada ka yi ƙoƙarin haɗa launi a hasken wuta, domin rawaya da fari iri ɗaya za ka gan su, shuɗi kuma ya koma toka, da safe ka ga abin da ba ka yi niyya ba. Fentin ruwa kuma ba ya bushewa da wuri a sanyi da raɓa. Abin da nake yi shi ne in ɗauki gawayi ko fensir mai laushi in yi ƙananan zane kamar tafin hannu, matakin haske uku ko huɗu kacal, in rubuta sunayen launuka a gefe da kalmomi, sannan in yi fentin a gida tun abin yana sabo a kaina. Tom Thomson na Kanada, wanda ya yi ta yawo da kwalekwale a gandun Algonquin har ya rasu a tafkin Canoe a Yulin 1917, a kan 'yan alluna masu kimanin santimita 21 da 27 yake aikinsa na daji, manyan kuma sai da hunturu a Toronto. Sassaƙa a kan lino, wani shimfiɗi mai kama da roba da ake sassaƙawa a shafa masa tawada a buga a takarda, ya dace da salon ƙwarai, saboda a can daga baƙi ake farawa ana yanko haske, kuma hannu yana koyon rowa da shi. Mai aiki da kwamfuta ko manhajar zane ta Procreate shi ma ya fara da shafi mai duhu, ya kuma yi hankali da maɓallin ƙyalli, wanda yake sa kowace wuta ta zama kamar fitilar mota.

Kai da kake koyo a gida, ba sai ka ga itacen mapul ba kafin ka ƙware a wannan, kuma ban so ka ɓata lokaci kana kwafar ganyen da ba ka taɓa riƙewa ba. Ƙa'idojin hasken ɗaya ne ko'ina. Idan sanyin hunturu ya shigo aka fara hura wutar jin ɗumi a ƙofar gida, ka ɗauki takarda da gawayi ka zauna nesa da ita da kamar taku ashirin, a cikin duhu, ka jira minti 20 ba tare da ka duba waya ko harshen wutar ba. Sannan ka zana abin da ke tsakaninka da masu jin ɗumin, ka lura da mutum na ƙarshe da hasken ya taɓa gefen fuskarsa, da abu na farko a bayansa wanda ba ka iya tantance ko buhu ne ko mutum a tsugune. Ka yi irin wannan zane guda goma a darare daban-daban, ka turo mini uku da ka fi shakka a kansu.